Ranar da Aka Ce Baba Ya Faɗi Dalili

A wajenmu ba a yabon sa a gaban mai shi. Yaran yanzu za su yi dariya, to su yi ta yi, mu dai haka muka tarar. In ka ga san mutum ya cika ido, sai ka kawar da kai ka tambaye shi lafiyar iyali. In bakinka ya yi maka ƙaiƙayi ƙwarai, ka ce tubarkalla ka ja bakinka ka yi shiru. Wanda ya tsaya yana lissafa ƙirji da tozo da cinya, ranar da dabbar ta yi ko da tari ne, shi za a nema. Kambun baka muke ce wa wannan, kuma ba wanda yake so a jingina masa shi. Sai an san haka za a gane abin da ya sami Baba.

Ba shi ya haife ni ba. Aminin mahaifina ne, kuma da mahaifina ya rasu shi ya tsaya mini a kan komai, har aurena. Dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar shanu ta Kafin Hausa. Kakanninsa daga wajen tafkin Chadi suka gangaro, shi ya sa Fulani ba sa barinsa ya sha iska da tsokana irin ta abokan wasa, shi ma ba ya raga musu. Ba shi da garke, ba shi da wata gonar kirki. Abin da ya mallaka a duniya maganarsa ce. In ya zagaya sa ya ce, "Ɗauka," mutum zai ɗauka ko bakin san bai buɗe ya duba haƙora ba. In ya ce, "Mu ƙara gaba," sai ka bi shi kawai. Bai taɓa cewa don me ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa. Mutanen Guri da na Kaugama sukan baro dillalan garinsu su zo su zauna a gindin tsamiyar da yake zama, suna jiran ya waiwayo su. Da wannan kalma guda yake ciyar da gidansa.

Zamanin Turawa ne, lokacin da En'e, hukumar gargajiya, ta matsa wa mutane su koma noma da shanu. Ni ina da ƙuruciya da rawar kai, na karɓi garma, na je wajen Baba na ce ya zaɓa mini abin ja. Ya wuce manyan bijimai masu sheƙi, ya tsaya a kan wani farin maraƙi ramamme da Fulani suka kawo bayan ruwa ya janye daga fadama. Na ce, "Haba Baba, wannan ƙasusuwan?" Ya ce, "Ɗauka." Na ɗauka ina ƙunƙuni har gida.

Na ba shi harawa da dusa da kanwa, na hana shi shan ruwan kududdufi. Kafin ka ce me, farin nan ya zama abin da ba na so in faɗa ko a takarda. Gonata ta shinkafa laka ce mai riƙe ƙafa, wadda shanun maƙwabta suke durƙushewa a ciki, shi kuwa yakan ratsa ta yana jan abokin karkiyarsa. Duk sanda Baba ya zo gidana sai ya leƙa turke, ya ɗan daɗe yana kallo, sannan ya taɓe baki ya ce, "Har yanzu wannan mummunan yana nan?" Da haka nake gane ransa ya yi fari.

A waɗannan shekarun, in an gama kaka kogi ya koma mazauninsa, En'e takan shirya nunin kayan gona a wani fili bayan ganuwar Haɗejia. A kawo shinkafa da gero da wake, masunta su kawo bandar kifi, a kawo raguna da shanun huɗa, alƙalai su duba su ce wane na ɗaya, wane na biyu. Wata shekara aka tashi da dambe a wajen raguna, don alƙalan nuni kawai suka yi da sanda suka koma inuwa, kowa ya ce an cuce shi. Da sabon Baturen gona ya zo, sai ya kafa doka cewa duk alƙalin da ya sa dabba a gaba sai ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi dalili. Na tsani abin da dokar nan ta haifar, amma ba zan yi wa mutumin ƙarya ba, nufinsa mai kyau ne. So yake wanda ya faɗi ya koma gida ya san abin da zai gyara.

A shekarar aka zaɓi Baba ya yi alƙalancin shanun huɗa. Ya ji daɗi ƙwarai, ko da yake bai nuna ba. Ya ɗinka sabuwar riga mai ruwan bula, abin da ban taɓa gani ya yi ba in ba da salla ba. Maganar faɗin dalili kuwa ba wanda ya gaya masa sai da ya isa filin.

Ni ma na ja farina na tafi. Ban ga wani abin kunya a ciki ba, don rabin shanun da ke filin nan ta hannun Baba suka bi kafin su isa turken masu su. Uwargidana ta ɗaura masa laya a gindin ƙaho, ta ce in tsaya da shi a gefe kada in kai shi inda ido ya yi yawa. Na ce mata to, alhali wurin kallo zan kai shi.

Baba ya shiga cikin shanu ya yi aikinsa yadda ya saba. Ya sa a ja wannan, a juya wancan, a ɗan kora su da gudu a tsayar. Ya yi ta ragewa har suka rage biyu, nawa da wani jan sa na wani mutumin Kaugama. Gaskiya jan nan ya fi nawa girma da ƙiba, fatarsa tana ƙyalli kamar an shafa mata man gyaɗa. Baba ya tsaya a bayansa ya daɗe. Ya sunkuya ya shafa ƙafarsa ta baya tun daga cinya har kofato, ya miƙe. Sannan ya nuna farina ya ce na ɗaya, ya nuna jan ya ce na biyu.

Ban gama jin daɗin ba sai ga tafintan Bature ya miƙa wa Baba wani ƙaho na kwano da ake magana a ciki don na nesa su ji. Ya ce, "Baba, Bature ya ce ka gaya wa jama'a abin da ya sa farin ya zo na ɗaya."

Baba ya dubi ƙahon, ya dubi mutane. Filin ya cika maƙil, har a kan ganuwa akwai masu kallo, kuma duk idon nan a kan farina yake. Ana so mutumin da kowa ya san idonsa ba ya kuskure ya buɗe baki a gaban dubban mutane ya lissafa kyawun dabba gaɓa-gaɓa. Ni kaina da nake riƙe da igiya sai da na ƙara jawo san kusa da ni.

Ya kai ƙahon bakinsa ya ce, "Wannan farin dai ba wani abin kallo ba ne. Ƙahonsa ɗaya ma ya karkace, ga taurin kai. Allah dai ya raya shi ga mai shi."

Dattawan da ke kusa suka gyaɗa kai. Sun ji abin da ya ce, sun kuma ji abin da yake nufi. Tafintan ma ɗan garin ne, ya san kan zancen sarai, amma aikinsa ya ɗauki magana ya kai ta yadda aka faɗe ta, kuma haka ya yi. Na ga Bature ya ɗaure fuska kaɗan. Ya yi magana, tafinta ya juyo ya ce, "To jan fa, mene ne aibunsa da ya sa ya koma na biyu?"

Nan ma ƙofa a rufe take. Dillali ba ya tona aibun dabbar mutum a bainar jama'a. In ya ga wani abu, sai ya ja mai sayensa su ƙara gaba, ya bar mai kaya da rufin asirinsa. Mutumin Kaugaman nan duk abin da ya tara a duniya yana jikin jan san nan, ga kuma fataken shanu daga Kano a tsaye suna saurare. Kalma ɗaya daga bakin Baba ta isa ta mayar da san nan na mahauta.

Baba ya ce, "Ba shi da aibun da zan faɗa."

Duk Bahaushe ya san nauyin maganar nan a ƙarshenta yake. Bai ce babu aibu ba, cewa ya yi babu wanda zai faɗa. Ni ba na jin Turanci, amma daga baya tafintan da bakinsa ya gaya mini cewa wutsiyar maganar ce ta faɗi a hanya, abin da ya isa kunnen Bature shi ne san ba shi da aibu. Ya ce ya so ya ƙara bayani, amma Bature ya riga ya juya ga Baba.

Ya sake tambaya, kuma cikin haƙuri ya yi ta, wannan ma shaida ce da zan ba shi. Tafinta ya ce, "Ya ce wanda ka sa a gaba ka kushe shi, wanda ka sa a baya ka ce ba shi da aibu. Ya ce yana so ya fahimta, mene ne dalilinka?"

Baba ya ce, "Haka na gani."

Sai mutumin Kaugama ya matso ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambaye shi ko farin na wane ne." Wani daga cikin taro ya ce, "Na ɗansa ne." Wannan kam tafinta ya kai ta cikakkiya, ba abin da ya faɗi a hanya.

Na ja igiya na matsa kusa da Baba, na yi ƙasa da murya na ce, "Baba, don Allah ka faɗa. Ka yabe shi su ji. In ya mutu ni na yi asara, kuma na yafe."

Bai ko dube ni ba ya ce, "Sa naka ne, baki nawa ne. Koma wajenka."

Raina ya ɓaci. Na saki igiyar na nufi Bature da niyyar in faɗi dalilin da kaina, tunda ni na san abin da san nan yake yi a cikin laka. Wani ɗan doka ya sa sanda ya tare ni a ƙirji, na gaya masa maganar da ba zan rubuta a nan ba. Kuma ko da sun bar ni, wa zai saurari mai sa yana yabon sansa?

Bature ya karɓi jan ƙyallen da ake ɗaura wa na ɗaya, ya ɗaura a ƙahon jan san da hannunsa. Ya tsaya ya faɗi nasa dalilan, tafinta yana zubawa a ƙahon kwano, girma da ƙiba da faɗin baya da sheƙin fata, bai bar komai ba. Mutumin Kaugama ya ci, amma ka gan shi yana zufa yana ta tubarkalla a ƙasan maƙoshi yana tofa wa san addu'a. Da wata rana ce daban, da na yi dariya. Bature ya juya ya yi wa Baba godiya cikin ladabi, sannan ya sa aka kira wani dillali ya ƙarasa duba sauran dabbobin. Baba ya miƙa wa tafinta hannu suka yi sallama, ya ratsa taron da sabuwar rigarsa ya kama hanyar gida a ƙasa.

Na ɗauka abin zai wuce, tunda duk wanda ke kusa ya san abin da ya faru. Ashe na kusa kaɗan ne. Labarin da ya tafi ƙauyuka gajere ne, wai Bature ya kama Baba zai ba wa ɗansa abin da ba nasa ba, an tambaye shi dalili ya rasa. Dillalan da suka daɗe suna kallon gindin tsamiyarsa da baƙin ciki suka sami abin yi, suka yi ta hura wutar. Amma ba su ne suka fi ƙona mini rai ba. Waɗanda suka fi ƙona mini rai su ne dattawan nan da suka gyaɗa kai a filin. Sun sani sarai, amma in ana zancen a majalisa sai su yi murmushi su ce ai sha'anin Turawa sai su. Kuma wallahi da Baba ya yabi farin nan ya kwana biyu ya yi zawo, su ɗin nan ne za su fara cewa bakinsa ne.

Yara suka sa masa suna Haka-na-gani. Na mari ɗaya a kasuwa har maganar ta kai gaban mai unguwa, kuma ko yau aka maimaita zan sake marinsa.

Ina tsaye ranar da abin ya fara taɓa sana'arsa. Wani mutumin Guri da ya shekara da shekaru yana sayen shanu ta hannunsa ya zo, Baba ya zagaya wani sa ya ce, "Ɗauka." Mutumin ya ce to, sannan ya kama leɓen san ya buɗe bakin ya duba haƙora. Bai yi da wulaƙanci ba, har yana ɗan jin kunya. Baba ya kawar da kai yana kallon wani wuri kamar bai gani ba. Bayan wannan sai aka fara ce masa, "Don me, Baba?" Shi kuwa bai iya amsa wannan tambayar ba, bai kuma yarda ya koya ba. A hankali tabarmar gindin tsamiya ta yi masa yawa.

Jan san kuwa a filin nan aka saye shi da ƙyallensa a ƙaho. Fatake suka kai shi tasha suka sa a jirgin ƙasa zuwa kudu, duk abin da ke ƙafarsa ya tafi cikin tukunyar wasu. Na sha zuwa wajen Baba in ce, "San ya tafi, an cinye shi. Ka faɗi abin da ka taɓa a ƙafarsa, ni zan bi kasuwa-kasuwa in faɗa." Sai ya ce, "Mai shi yana nan, kuma gobe ma zai kawo wa fataken nan wani." Mun yi faɗa a kan wannan ba sau ɗaya ba. Nakan tashi in tafi ina huci, in ce masa mutumin da ya tsaya a gaban Bature ya zubar maka da mutunci shi kake rufa wa asiri. Shi kuwa sai dai ya ce in gaida gida.

Ban sake kai farina wajen nuni ba. Shekaru suka tafi, Baturen ya koma ƙasarsu, wani ya zo, shi ma ya tafi. Baba ya koma dillancin awaki, daga baya ko su ba a kawo masa, amma ranar kasuwa ba ta taɓa wuce shi ba. Yakan zo ya shimfiɗa tabarma ya zauna har la'asar. In na girbe nakan kai masa shinkafa gida, ya karɓa ya sa mini albarka bai dubi buhun ba. Na san abin yana masa ciwo, ni ma yana mini.

Farin ya tsufa a hannuna. Haƙoransa suka cinye, ya fara tsayawa a tsakiyar kunya yana haki. Wata kaka na haƙura na sallama shi ga mahautan Kafin Hausa. Ranar da zan miƙa shi, maimakon in wuce kai tsaye, sai na biya da shi ta gindin tsamiya. Baba yana zaune shi kaɗai, ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa.

Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, na sallama shi. Gobe da safe za a yanka. Baki ba zai iya masa komai ba yanzu."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya dafa gindin tsamiyar ya miƙe, ya zo ya ɗora hannu a wuyan san.

Ya ce, "Dubi nan inda karkiya take zama. Gajere ne, mai kauri, ba ya saɓulewa. Dubi ƙirji, tsakanin ƙafa da ƙafa mutum zai iya tsugunawa, shi ya sa ranar da na sa aka kore su da gudu duk suka tsaya suna haki ban da shi. Dubi kofato, baƙi ne mai tauri, kuma yana buɗewa in ya taka, irin wannan laka ba ta riƙe shi. Ja shi in nuna maka." Na ja shi taku kaɗan. Ya ce, "Ka gani? Ƙafar baya tana wuce sawun ta gaba, har yanzu da tsufansa. Kuma dubi kunne, ɗaya kullum yana baya, wajen mai garma yake saurare."

Haka ya yi ta yi, daga gaba zuwa baya, bai yi tuntuɓe ba, bai tsaya neman kalma ba. Ko ni da na yi shekaru ina bin bayan san nan akwai abin da ban taɓa lura da shi ba sai ranar. A nan na gane duk shekarun nan da yake zaune a kan tabarma yana ta jera su a ransa. Na waiwaya ko akwai mai ji. Kasuwa tana ta ci, wani yana jan akuya tana kuka, wasu yara suna rabon rake. Ba wanda ya ko juyo.

Da ya gama ya koma ya zauna yana numfashi. Can ya ce, "Da na faɗi haka ranar nan, kana gani da sun yarda?"

Na ce, "Wallahi da sun yarda, Baba. Har Baturen."

Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Ai da ka ce mini a'a, da ya fi mini sauƙi."

Yaron mahauta ya zo ya karɓi igiyar a hannuna ya tafi da shi. Na zauna a gefen tabarmar Baba har aka kira la'asar.